Yadda Ake Kai Iyali Tsibirin Lamu ta Jirgin Ruwa

Lamu ƙaramin gari ne na bakin teku, a kan wani tsibiri da ke arewacin gaɓar ƙasar Kenya, ba da nisa sosai da iyakar Somaliya ba. Mutanensa Musulmi ne masu magana da harshen Swahili, an fi shekara 700 ana zaune a cikinsa ba tare da ya taɓa zama kufai ba, kuma a 2001 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Babu gadar da ta haɗa shi da tudu. Siminti, buhun shinkafa, amarya da baƙo, duk ta ruwa suke shiga, kuma wannan ne ya kamata mai gida ya fara sawa a ransa tun kafin ya sayi tikiti: a Lamu ba shi ne zai tsara wa iyalinsa lokaci ba, iska da cikar teku da matuƙin jirgi ne za su tsara. Wanda ya yarda da haka zai ji daɗin tafiyar, wanda kuma ya zo da jadawalin da ba ya lanƙwasuwa zai iya jefa 'ya'yansa cikin haɗari don kawai kada ranarsa ta ɓaci.

Mataki na farko: zaɓen watan tafiya

Iska biyu ce ke mulkin wannan gaɓa. Daga wajen Disamba zuwa Maris ana samun wadda ake kira kaskazi, mai busowa daga arewa maso gabas, a lokacinta akwai zafi amma ruwa yana yin garau kuma tafiya a cikinsa ta fi sauƙi. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba kuwa kusi ce ke kaɗawa daga kudu, tana zuwa da ruwan sama mai yawa a watannin Afrilu da Mayu, sannan teku ta yi ta haushi a Yuni da Yuli da Agusta. Oktoba da Nuwamba lokaci ne na tsakani, iska tana lafawa, sai dai ana samun ruwan sama jefi-jefi.

A nan ne matsalar iyalan Najeriya take, domin dogon hutun makaranta yana faɗawa daidai lokacin da kusi ta fi ƙarfi. Idan ba makawa sai a Agusta za ku je, to ku yanke shawara tun daga gida cewa yawonku zai tsaya cikin mashigin da ke tsakanin tsibirin Lamu da na Manda, inda tudu ya kare ruwa daga iska, kuma ba za ku fita buɗaɗɗiyar teku ba ko da matuƙi ya ce ya saba. A watan Agustan 2017 wani jirgi ya kife a ruwan yankin, mutane da dama 'yan gida ɗaya suka rasu, ciki har da yara ƙanana. Hutun Disamba ya fi dacewa da ruwa, amma a ƙarshen watan masaukai suna cika kuma kuɗinsu yana tashi. A ganina Janairu da Fabrairu sun fi kowane lokaci, ga wanda yaransa ba su shiga makaranta ba ko kuma zai iya nema musu izini.

Akwai kuma lokuta biyu da garin ke cika maƙil: Mauludin da ake yi a masallacin Riyadha a ƙarshen watan Rabi'ul Awwal, da bikin al'adu na watan Nuwamba, inda ake tseren jakuna da tseren jiragen ruwa. Abin kallo ne na gaske, sai dai a irin waɗannan ranaku ne jiragen haya suka fi yin lodin da ya wuce kima.

Mataki na biyu: takardu da hanya

Kowa, har jariri, yana buƙatar fasfo nasa, da kuma katin rigakafin zazzaɓin shawara ga wanda shekarunsa suka kai. A Janairun 2024 Kenya ta maye gurbin biza da izinin shiga na intanet mai suna eTA, a 2025 kuma gwamnatinta ta sanar da ɗage shi ga 'yan yawancin ƙasashen Afirka, saboda haka ku tabbatar da dokar da ke aiki daga kamfanin jirginku kafin ku biya kuɗi. Gaɓar Kenya wuri ne na zazzaɓin cizon sauro, ku ga likita kafin tafiya musamman idan akwai mai juna biyu.

Ana zuwa Nairobi kai tsaye daga Legas da Kenya Airways, ko kuma a bi Ethiopian Airlines daga Kano, Abuja ko Yamai ta Addis Ababa. Daga Nairobi ƙananan jirage ne ke zuwa Lamu, wasu daga babban filin jirgin Jomo Kenyatta, wasu daga filin Wilson da ke wani ɓangaren birnin, don haka ku duba tikitinku da kyau, cunkoson motocin Nairobi ba ya tausayin wanda ya ɓata hanya. Wasu daga cikin waɗannan jiragen kilo 15 kawai suke yarda wa kowane fasinja, a cikin jaka mai laushi. Uwargida ta san da wannan tun kafin ta fara haɗa kaya.

Akwai hanyar mota daga Mombasa ta Malindi da Garsen da Witu har zuwa Mokowe, inda ake shiga jirgin ruwa, kuma ta fi araha. Ban ba iyali shawarar bin ta ba. Tana ratsa kusa da dajin Boni, inda mayaƙan al-Shabaab suka sha kai hari, kuma a yankin ne aka kai harin garin Mpeketoni na Yunin 2014 da ya ci rayuka da dama. Tsibirin kansa ya fi wannan hanya kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Mataki na uku: tsallakawa ta farko

Filin jirgin saman yana tsibirin Manda ne, saboda haka da kun sauka za ku taka 'yar tafiya zuwa matsayar jirage, inda za ku hangi fararen gidajen Lamu a ɗaya gefen. Tsallakawar kamar minti goma ce. Matasa za su yi caa a kanku, wannan ya kama jaka, wancan ya nuna jirginsa, shi ya sa ya fi kyau ku shirya da masaukinku ya turo jirgi da mutumin da zai kira ku da suna.

Shiga jirgi shi ne wurin da aka fi samun rauni. Idan teku ta janye, matakalar siminti da ke sauka zuwa ruwa takan fito da gansakuka kore mai santsi, jirgin kuma yana matsowa yana ja da baya, yana barin rata tsakaninsa da matakala. Babba ɗaya ya fara shiga ya zauna daram. Sai a miƙa masa yara ɗaya bayan ɗaya, hannu da hannu, ba a sakin yaro sai wanda ke ciki ya ce ya riƙe. Mai goyo ta sauke goyon ta miƙa shi tukuna, domin idan ta zame da yaro a baya ba ta da yadda za ta kare shi. A tattare doguwar riga da mayafi da hannu ɗaya, a bar ɗaya hannun ga ma'aikacin jirgi ko ga muharrami, kuma kada kowa ya ɗora yatsunsa a bakin jirgi lokacin da yake gogar matakala. Kaya su ne na ƙarshe.

Mataki na huɗu: masauki

Zaɓi biyu ne. Tsohon garin Lamu yana da kasuwa da masallatai da araha, amma babu wurin wanka mai kyau a bakinsa. Ƙauyen Shela, kimanin kilomita 3 kudu da garin, ya fi shiru da tsada, kuma daga nan ne rairayin bakin teku mai tsawon kusan kilomita 12 ya fara. Iyali mai yawa ya fi dacewa ya kama gida sukutum, wanda sau da yawa yakan zo da mai dafa abinci. Ku tambayi abu uku kafin ku biya: ko akwai gidan sauro a kowane gado, ko rufin sama yana da katanga mai tsayin da za ta tsare yaro, da kuma yadda matakalar benen take, domin tsofaffin gidajen Lamu dogaye ne masu matakala a tsaye, waɗanda za su wahalar da kaka mai ciwon gwiwa. Ruwan rijiyoyin garin yana da ɗan gishiri a wasu unguwanni, ku sha na gora.

Mataki na biyar: zaɓen jirgi da matuƙi

Wannan ne zuciyar tafiyar, kuma a nan ya kamata a ɓata lokaci. Jirage iri biyu za ku gani. Akwai ƙananan masu gudu da inji a baya, waɗanda suke aikin tasi tsakanin Lamu da Shela da Manda da Mokowe. Akwai kuma jiragen katako na gargajiya masu babban ƙyalle mai kusurwa uku da iska ke turawa, manyansu ana ce musu jahazi, matsakaita kuma mashua. Don yawon iyali na katakon ya fi, domin yana da faɗi da nauyi, ba ya dukan igiyar ruwa da ƙarfi, kuma akwai wurin shimfiɗa da inuwa. Sai dai ku nemi wanda yake da inji ban da ƙyallen, saboda iska tana iya ɗaukewa da yamma ta bar ku a tsakiyar ruwa da yara masu jin yunwa.

Matuƙi a can ana kiransa nahoda. Kada ku ƙulla ciniki da ɗan kamashon da ya tare ku a bakin ruwa, ku nemi ganin nahodan da kansa da kuma jirgin da idonku, kwana ɗaya kafin tafiya. Ku shiga ciki ku duba. Ku leƙa ƙasan katakon da ake takawa, ɗan ruwa kaɗan ba laifi ba ne a jirgin katako, amma idan kun ga ana ta kwarfewa alhali jirgin yana tsaye, ku nemi wani. Ku tambayi adadin mutanen da aka amince ya ɗauka, da ko yana da rajista da hukumar kula da sufurin ruwa ta Kenya. Ku ga tankin mai na ajiya, da igiya da ƙarfen tsayar da jirgi, da fitila, da wayar da ke da caji.

Sannan rigunan kariya. Kada ku karɓi amsar cewa akwai su, ku ce a fito da su ku ƙirga, ku gwada wa kowa tasa. Rigar babba ba ta da amfani ga yaro ɗan shekara biyar, domin da ya faɗa ruwa za ta taso ta rufe masa fuska ko ya zame ta ƙasanta. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗaure masa ita, a kama kafaɗun rigar a ɗaga sama, idan ta wuce haɓarsa da kunnuwansa to ta yi masa yawa. Rigunan ƙananan yara suna da wuyar samu a jiragen haya, don haka wanda yake da yara 'yan ƙasa da shekara bakwai ya sayi nasu a Nairobi ko Mombasa ko tun daga gida, ko da hakan zai cinye rabin nauyin jakarsa. Yawancinmu mutanen tudu ne da ba su iya iyo ba, kuma ba mu manta da kwale-kwalen da ya nutse a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, wanda yawancin waɗanda suka rasu a cikinsa ɗalibai ne 'yan Islamiyya. Ku faɗa wa nahoda ƙarara ko su wane ne ba su iya ruwa ba, babu abin kunya a ciki.

Ciniki kuma a yi shi filla-filla: kuɗin jirgin gaba ɗaya ne ko na kowane kai, ya haɗa da mai da abinci da ruwan sha ko a'a, ina da ina za a tsaya, wa zai biya kuɗin shiga wuraren tarihi, kuma yaushe za a dawo. Sharaɗin da bai kamata a sassauta ba shi ne cewa jirgin naku ne ku kaɗai, ba za a tsaya a hanya a ƙara fasinja ko kaya ba. Ku ba da kafin alƙalami kaɗan don cefane da mai, sauran sai an dawo. Kuɗin ƙasar shilin ne, kuma kusan kowa yana karɓar biya ta waya da M-Pesa, saboda haka yana da kyau ku sayi layin Safaricom, kamfanin wayar da ke da M-Pesa, da fasfonku tun a Nairobi.

Mataki na shida: lissafin cikar teku da agogo

Teku tana cika sau biyu tana janyewa sau biyu a kowace rana, tsakanin cika da janyewa kimanin awa shida, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kullum. Bambancin ba ƙarami ba ne, yakan kai mita uku. Wurin da jirgi ya wuce da safe zai iya zama fili na laka da rana. Cikar tana bin wata ne, ta fi ƙarfi a farkon watan Musulunci da kuma wajen ranakun 14 da 15, ta fi rauni wajen 7 da 22, don haka wanda yake bin lissafin Hijira ya riga ya sami rabin ilimin. Idan nahoda ya ce a tashi ƙarfe kaza, ba don son ransa ba ne, kuma jinkirin rabin awa wajen shirya yara yana iya soke tafiyar ko ya sa ku kwana inda ba ku yi niyya ba.

A kula da agogo ma. Kenya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. Bayan haka masu magana da Swahili suna fara ƙirga awoyin yini daga fitowar rana, ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu, ƙarfe 9 kuma ƙarfe uku. Idan aka sa muku lokaci, ku nuna shi a fuskar waya ku tabbatar kowa abu ɗaya yake nufi.

Mataki na bakwai: inda za a je, daga kusa zuwa nesa

Ku fara da gajeren yawon yamma na awa biyu a cikin mashigi, domin a nan ne za ku gane wanda jiri ke kamawa da wanda ke tsoro. Washegari a tsallaka zuwa rairayin Manda da ke fuskantar Shela. Daga nan sai kufan Takwa, wani garin Swahili a tsibirin Manda da mutanensa suka tashi a ƙarni na 17, inda har yanzu bangon masallaci da wani kabari mai dogon ginshiƙi suke tsaye. Ana isa wurin ta wani siririn rafi da ya ratsa dajin mikoko, itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, kuma jirgi ba ya shiga ko fita sai teku ta cika, saboda haka idan an ce ku dawo jirgi ku dawo nan take. Ƙauyen Matondoni, a yammacin tsibirin Lamu, nan ne ake sassaƙa jiragen katako da hannu, yara maza da mata duk za su so ganinsa. Tsibirin Pate da ganuwar Siyu sun fi nisa, sun fi dacewa da iyalin da yaransa suka tasa. Kiwayu kuwa, da ke can kusa da iyakar Somaliya, ku bar shi.

Mataki na takwas: ranar tafiya

A ci abu mara maiƙo da safe. Mai saurin jiri ya sha maganinsa kafin a tashi bisa shawarar likita, ya zauna a tsakiyar jirgi yana kallon nesa, ɗanyar citta ma tana taimakawa. Lamu tana kusa da layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, rana tana dukan mutum daga sama kuma ruwa yana mayar da ita daga ƙasa, don haka a tanadi malafa da man kare fata da ruwan sha fiye da yadda ake zato. A saka wayoyi cikin leda mai rufewa, a bar fasfo a masauki, a kuma sanar da mai masaukin sunan jirgin da lokacin dawowa.

A raba yara tun a gaɓa, kowane babba ya san yaron da ke wuyansa, domin yaron da kowa ke kallo shi ne wanda babu mai kallonsa. Riga tana jiki daga shiga har fita. Lokacin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne sa'ad da za a juya ƙyalle: nahoda zai yi tsawa, ma'aikata su saki igiya, doguwar sandar da ke riƙe da ƙyallen ta kewayo ta gaban jirgi, jirgin ya karkata zuwa ɗaya gefen. Kowa ya zauna ya sunkuyar da kai, kada a ruga gefe guda, kada kuma ƙafa ta shiga cikin naɗin igiya. Da rana ma'aikatan za su hura gawayi a ɗan murhu su gasa kifi, a ci da shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa. A nesanta yara da murhun.

Idan an sauka wanka, a tambayi nahoda inda ya dace. Ruwan mashigin da ke gaban Shela yana da ja mai ƙarfi lokacin da teku ke janyewa, ko gwanin iyo yana shakkarsa. A sa takalmin roba saboda ƙayoyin halittun ruwa da saiwoyin mikoko masu tsini. Game da salla, ruwan teku yana halatta alwala kamar yadda hadisi ya tabbatar, kuma ya fi sauƙi a tsara tsayawa a tudu lokacin azahar. Alƙibla a Lamu tana arewa ne, ba gabas ba. A dawo kafin magariba, domin duhu yana rufewa da sauri bayan faɗuwar rana, kuma ba duk jirage ne ke kunna fitila ba.

Mataki na tara: cikin gari

Ku ware yini guda ba tare da jirgi ba. Lungunan Lamu sun yi kama da na cikin birnin Kano wajen ƙunci, sai dai gidajen na dutsen murjani ne, da ƙofofin katako masu sassaƙa da dakalin zama a bakin kowace ƙofa. Mota ba ta shiga, jakuna ne ke dakon kaya, ko da yake babura sun fara yawaita a bakin ruwa, don haka a riƙe hannun yara. Ganuwar Lamu, wadda aka gina tsakanin 1813 da 1821 kuma ta zama kurkuku daga 1910 zuwa 1984, tana gaban dandalin kasuwa. Gidan tarihin da ke bakin ruwa yana ajiye da manyan ƙahonin sarauta da ake kira siwa, kusa da shi kuma akwai asibitin jakuna da aka buɗe a 1987. Masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh, malamin da ya zo daga tsibiran Komoros, ya kafa, har yanzu makaranta ce ta ilimi. Mutanen garin mabiya mazhabar Shafi'iyya ne, za ku ji liman yana bayyana bisimilla da alƙunutun asuba. Kada a ɗauki hoton mata ba da izini ba.

Mataki na goma: komawa

Ku shirya jirgin da zai kai ku Manda tun daren jajibiri, da nahodan da kuka riga kuka sani, ku tashi aƙalla awa biyu kafin lokacin jirgin sama. Ƙananan jiragen sukan sauya lokaci, saboda haka kada ku haɗa tashi daga Lamu da jirgin komawa gida a 'yan awoyi kaɗan, ya fi aminci ku kwana ɗaya a Nairobi. Idan rigunan kariyar yaran sun yi musu kaɗan kafin wata tafiya, ku bar wa nahodan su, iyalin da za su hau bayanku za su same su a jirgin.